Ƙanena ya cinye kuɗin mai moto a cacar waya: in biya ko in bar shi?

Mai Atamfa, Garwa
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe a nan ina karatu ba na sa baki, yau dai tura ta kai bango. Ina da ƙane, ciki ɗaya muka fito, shekararsa 23, yana kilando, wato acaɓa, da moton wani dattijo a unguwarmu. Ƙa'idarsu kullum da yamma ya kai sefa 3,000. Shekaranjiya mai moton ya same ni a shago, bayan mun gaisa ya ce yau kwana 26 bai ga ko dala ba, kullum sai "gobe, Baba". Kunyata ce ta hana shi zuwa tun da wuri.

Da dare na tsare yaron. Bai yi musu ba, wayarsa kawai ya miƙo mini. Wallahi na fi minti goma ina jan saƙonnin cire kuɗi ban kai ƙarshe ba: 500, 1,000, 500, 2,000, wasu ƙarfe biyun dare, wasu bayan asuba. Duk cacar ƙwallo suka tafi. Ban da 78,000 na mai moto, akwai 40,000 na wani mai kiyos ɗin tura kuɗi, akwai 25,000 na adashen mahaifiyarmu da ta ba shi ya kai wa uwar adashe. Ya yi kuka, ya rantse ya daina. Ban gama lallashinsa ba sai ya ce in ranta masa 20,000, wai akwai tike, wato takardar cacar ƙwallo, na ranar Asabar da ba ya faɗuwa, da shi zai sallami kowa. Wannan maganar ta fi kuɗin hana ni barci.

In biya bashin nan, ko in bar shi ya ji a jikinsa? Inna ba ta sani ba tukuna.

Ɗan Kilando, Lopere
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya kyauta. Amma kada ka ɗauka ƙanenka kaɗai ne. Ka leƙo tasharmu da tsakar rana lokacin da fasinja ya ɗauke ƙafa, za ka ga mutum goma zaune kan moto a inuwar darbejiya, kowa kansa a ƙasa. Wani ƙwallo, wani wasan jirgin nan da ke tashi yana ninka kuɗi kafin ya ɓace. Ni ma ina bugawa, ba zan ɓoye ba. Sai dai ni 500 ce ranar Asabar, in ta tafi ta tafi, kamar kuɗin shayi. Matsalar yaronku rashin iyaka. Wanda ya san iyakarsa ba abin da zai same shi.

Malam Mai Allo, Marwa
Ɗana, kurɓin giya sunansa giya, 500 ɗinka ma sunanta caca. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, tare aka ambace su, aka ce a nisance su. Aya ta biyun ta faɗi abin da Shaiɗan ke nema da su: gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, da shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Ku sake karanta labarin bawan Allah nan. Dattijo ya ɓata da yaron da ya amince wa, wa yana ɓoye wa uwa magana, ana buga tike bayan asuba. Me ya rage? A Buhari da Muslim ya zo cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Gayyata kawai ke nan, ba a ma fara ba.

Batun bashi kuwa, mai moto bai yi caca ba, haƙƙinsa yana nan. Sai an biya shi, ko yau ko gobe.

Malamin Lissafi, Ngaundare
Allah ya gafarta Malam, ni ɓangaren alli zan taɓa, don akwai yaran da wa'azi ba ya shiga kunnensu amma lissafi yana shiga.

A ce ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya. Adalci shi ne wanda ya sa 1,000 ya ci ya karɓi 2,000. Kamfani ba ya ba da haka, sai ya rubuta 1.90 a kowane ɓangare. Ni na sa 1,000 a nan, kai ka sa 1,000 a can. Ya tara 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900, ya soke 100 a aljihu. Ko wa ya ci, nasa ya fita. Kashi 5 cikin 100 ke nan, kuma ba sata ba ce, a fili yake rubuta ta, mutane ne ba sa karantawa.

Inda abin ya fi muni shi ne kombine, wato haɗa wasanni da yawa a tike ɗaya, wanda yaranmu suka fi so saboda da 200 ana nuna maka dubu ɗari. Duk wasan da ka ƙara a tike, kason kamfani yana hawa kan na baya. Wasa goma a kan wannan ƙa'idar, kasonsa ya kai wajen 40 cikin 100. Sannan ko da kowane wasa kana da tabbacin kashi 70, wanda ba ƙaramin tabbaci ba ne, damar duka goman su shiga ba ta kai 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum kukan ɗaya ne: "wasa ɗaya ne ya kashe mini tike". Ai haka aka gina abin. Tara su shiga ɗaya ya faɗi shi ne yake dawo da kai mako mai zuwa, kana jin saura ƙiris, alhali sifili ka samu kamar wanda duka goman suka faɗi.

Ɗan Kilando, Lopere
Malam, to wanda ya ci fa? A gabana wani ya ci 600,000 ya sayi moto nasa na kansa.

Malamin Lissafi, Ngaundare
Ban musa ba. Kuɗin sauran 'yan tasharku ne aka tattara masa, bayan an cire na kamfani. Moton yana hannunsa har yanzu?

Ɗan Kilando, Lopere
Wannan kuma wata magana ce.

Kawu Direba, Gidar
Hahaha. Yara, caca ba yau ta zo ƙasar nan ba. A zamaninmu takardar cacar tseren dawakin Faransa ce, dawakin da ba mu taɓa gani ba, muna zaune muna nazarinsu kamar mu muka yi musu kiwo. Amma a lokacin sai ka taka da ƙafarka zuwa rumfa, ka fito da kuɗi ka ƙirga a gaban mutane. In surukinka ya ɓullo sai ka ɓuya bayan jarida. Magariba ta yi an rufe, dole ka koma gida. Kunya ce birkinmu, da kuma ƙofar da ake rufewa. Yanzu rumfar tana cikin aljihun yaro, da ita yake kwana, da ita yake shiga masallaci, kuma kuɗin ba ya jin nauyinsu a hannu. Mota ce a gangaren dutsen falez na Ngaundare babu birki. Ni na daina ne ranar da 'yata ta tsinci takardun a aljihun rigata tana wanki.

Hajiya Uwar Adashe, Yelwa
Alhaji Mai Atamfa, ka saurare ni, na fi shekara ashirin ina riƙe kuɗin mata, na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Na ɗaya, ko sisi kada ka sa a hannunsa. Ba 20,000 ba, ko na kai wa mai kiyos kada ka ba shi ya kai, don ba za su isa ba. Ka tafi da ƙafarka, da shi a gefenka, ka biya a gaban idonsa. Na biyu, kada ka biya duka. Na dattijon nan ka rage masa, don shi ma da moton yake ci da iyali. Sauran a rubuta, yaron ya biya da guminsa ko shekara zai ɗauka. Akwai wata a adashena da ta sayar da kayan ɗakinta ta wanke ɗanta tas, bayan wata biyu bashin ya dawo ya ninka, don ya gane akwai mai share masa.

Sannan ka gaya wa Innarku. Uwar adashen can za ta neme ta ai, ka fi so ta ji a bakin wata? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ba a ɗaure gyambo a ɓoye.

Kuma ku daina cewa abin na maza ne. Akwai matan aure a cikin gida da ke buga jirgin nan da kuɗin cefane, ta wayar da miji ya saya musu. Ni yanzu duk wadda za ta zuba adashe ta turo da kanta ta MoMo ko Orange Money in ga saƙo, na daina karɓa ta hannun 'ya'ya.

[An goge wannan saƙo]

Shugaban Zaure
Wanda ya turo tallan "wasanni tabbatattu" da lambar rajista na cire shi. A ƙarƙashin wannan maganar ma! Duk wanda ya sake, hanya ɗaya ce.

Malamin Lissafi, Ngaundare
Shugaba, da ka bar shi mu yi darasi da shi. Masu lambar rajistar nan da yawansu kaso ake ba su daga asarar waɗanda suka shigo ta hannunsu, wato faɗuwarka ce abincinsa. Masu sayar da sakamako kuma dabararsu tsohuwa ce. Ya sami mutum 800, ya ce wa rabi ƙungiyar gida za ta ci, rabi ya ce ba za ta ci ba. Waɗanda ya dace a kansu 400 ne, ya sake raba su. Bayan wasa uku akwai mutum 100 da suka ga ya faɗa daidai sau uku a jere, su ne za su biya shi, har su rantse a kansa. Wanda ya san sakamakon gobe da gaske me zai yi da 5,000 ɗinka?

Tsohon Ɗan Tike, Kusiri
Na yi ta rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa, tunda ba a san fuskata ba.

Ni ɗan Garwa ne, aiki ya kawo ni bakin Logon. Nawa ya fara ne lokacin gasar Afirka, Janairun 2022, da aka kawo rukunin Najeriya filin Rumde Ajiya. Kun tuna yadda garin ya cika. Najeriya ta doke Masar, ta doke Sudan, ta doke Gini Bisau, ni kuma duka ukun na ci. Ƙananan kuɗi ne, amma na fara jin ni na san ƙwallo. Da aka zo wasan Tunisiya, ga su korona ta kwantar musu da 'yan wasa har da koci, na ce wannan kuɗi ne a ƙasa. Na kwashe jarin shagona na zuba. Msakni ya jefa ɗaya, aka ba Iwobi jan kati, aka tashi. Ina cikin filin, mutane na fita, ni ƙafata ta ƙi ɗaukata.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Asarar farko ba ita ke kashe mutum ba, bin ta ne. Ka sa 500 ta tafi, ka sa 1,000 don ka dawo da ita, ka sa 2,000. Malamin lissafi ya duba mini: faɗuwa takwas a jere ka zubar da 127,500, duk a neman 500. Ni na yi wannan ba sau ɗaya ba. Da ƙwallon gaske ta yi mini nisa, sai na koma ta kwamfuta wadda ake gamawa cikin 'yan mintuna, dare da rana babu hutu. Na kai matsayin da ko na ci ba na jin daɗi, kawai na samu abin ci gaba ne. Shekara biyu. Fili na ya tafi, matata ta yi yaji sau biyu.

Ɗan Kilando, ƙanena, ni ma da iyaka na fara. Ban ce kowa zai zama ni ba, na san masu buga 500 shekara da shekaru ba su wuce ba. Amma ba wanda ya san ko shi wane iri ne sai bayan ya faɗa.

Abin da ya taimake ni ba rantsuwa ba ce, na rantse da Alƙur'ani sau uku na karya. Na miƙa wa matata asusun kuɗin wayata ta canza lambar sirri, albashi ya shigo ita ke cirewa ta ba ni na mai da na abinci. Na sayar da babbar waya na sayi mai maɓalli. Na bar kallon ƙwallo kaka guda cur, don ba na iya ganin wasa ban ga lambobi a kansa ba. Duk da haka na koma sau ɗaya, da wayar aboki. Washegari na gaya mata da bakina. Yau wata 19.

Yaya Mai Atamfa, 20,000 ɗin da ya roƙa ba rashin kunya ba ce. A kansa wannan ce kaɗai ƙofar fita da yake gani. Sai ka nuna masa wata, a rubuce: ga bashin, ga abin da za ka riƙa biya duk mako, ga ranar gamawa.

Hajiya Uwar Adashe, Yelwa
Allah ya ƙara tsarewa ɗana. Matarka kuma Allah ya biya ta, ka riƙe ta da kyau.

Ma'aikaciyar Jinya, Marwa
Ina so in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin kundin cututtukanta, wanda sabonsa ya fara aiki a Janairun 2022, a babi ɗaya da shaye-shaye. Alamominta uku: mutum ya kasa riƙe kansa, caca ta sha gaban sauran lamuransa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar. Ba talauci kaɗai ke kawo ta ba. Ɗan ƙwallo Tonali na Newcastle an dakatar da shi wata 10 a 2023 saboda caca, Ivan Toney wata 8, mutanen da albashinsu na mako ya fi abin da yawancinmu za mu gani a shekaru.

Don Allah Alhaji kada a tara masa dangi a yi masa tsinuwa, kada a kai shi bakin tasha a tozarta. Bashi da kunya in suka haɗu a kan matashi suna kai shi ga tunanin halaka kansa. Ka lura da barcinsa da cin abincinsa. In ka ji yana cewa gara ya mutu, ko ya huta da duniya, kada ka ɗauka baki ne, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ɗalibin Shari'a, Dang
Ni abin da ke damuna duk nauyin a kan iyali muke ɗora shi. Kamaru tana da dokar caca tun Yulin 2015, ma'aikatar mulkin cikin gida ke ba da lasisi, kuma dokar ta hana yara. To ku zagaya bakin lise, wato makarantar sakandare, lokacin tashi ku ga masu yunifom da tike. A Birtaniya an hana caca da katin bashi tun Afrilun 2020, kuma suna da rajista guda wadda in ka sa sunanka duk kamfanonin cacar intanet masu lasisi za su rufe maka ƙofa, wata shida, shekara ɗaya ko biyar. Ƙungiyoyin Firimiya ma sun amince su cire tallan caca daga gaban riga. Mu nan tallan yana kan allon titi, yana rediyo, yana shigowa waya ba sallama. Tunda ba za a iya hana abin gaba ɗaya ba, a koya wa masu yi su sa wa asusunsu iyakar zubi, kada su buga da bashi, kada su bi asara.

Malam Mai Allo, Marwa
Ɗana, ka fara da kyau ka ƙare da koyar da ladubban shan giya. Ni ba zan hau mumbari in ce ga yadda ake haram cikin natsuwa ba.

Ɗalibin Shari'a, Dang
Allah ya gafarta Malam, ban ce ka halatta ba. Amma garin nan ba Musulmi kaɗai ne ba, kuma cikin Musulmin ma ga Ɗan Kilando ya ji aya ya ji hadisi, Asabar zai buga. In bai bari ba, ba gara ya tsaya a 500 da ya kai ga sayar da moto ba?

Malam Mai Allo, Marwa
Gara, amma kai ka faɗa masa, ni kuma in ci gaba da faɗa masa ya bari. Sai dai maganar rufe ƙofar nan ta Turawa ta yi mini, wannan ai toshe kafar ɓarna ce, muna da ita a fiƙihu.

Ɗan Kilando, Lopere
Tunda sunana ake ta kira. Na zauna na duba saƙonnina daga ƙaramar salla zuwa yau. Gaskiya ba Asabar kaɗai ba ce, akwai Talata da Laraba in ana Zakarun Turai. Na zuba 94,000, na ciro 33,000. Amma fa masu shan sigari suna ƙona fiye da haka ba wanda ya buɗe musu zaure.

Kawu Direba, Gidar
61,000. Taya nawa ke nan, ɗana?

Ɗan Kilando, Lopere
Kawu ka bar ni in ji da abin da ya dame ni.

Baƙo daga Njamena
Salamu alaikum 'yan uwa na ƙetaren gada. Duk abin da kuka faɗa haka yake a nan, sunan kamfanonin waya ne kawai ya bambanta. Akwai manhaja kyauta mai suna BetBlocker, ana sa ta a waya ta toshe shafukan caca na tsawon lokacin da aka zaɓa. Na sa wa ɗan yayata. Ba ta hana shi zuwa kiyos, wannan sai ido.

Mai Atamfa, Garwa
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana.

Na gaya wa Inna jiya bayan isha'i. Ashe ta riga ni sani. Uwar adashen ta aiko tun makon jiya, ita kuma ta sayar da akuyarta ta cike, ta yi shiru don kada in kore shi daga gida. Ni ina ɓoye mata, ita tana ɓoye mini, shi yana tsakiya. Hajiya, maganarki ta fito.

Yau da safe mun je wurin dattijon, na ba shi 40,000, saura 38,000 an rubuta a kan yaron da shaidu biyu. Ya karɓi motonsa, ya ce ba zai sake ba shi ba, ban ga laifinsa ba. Mai kiyos na ce masa ya jira, kuma na faɗa masa a gaban mutane duk wanda ya ƙara ba yaron nan bashi ya ba kansa. Bai ji daɗi ba. Yaron zai zauna a shago tare da ni, ladansa a hannuna, duk Juma'a mu rage bashi. Wayar tana cikin durowata, na ba shi tsohuwar mai tocila. Akuyar Inna ce farkon abin da zai biya, shi ya faɗi haka da kansa.

Tun safe bai yi mini magana ba sai in na tambaye shi.

Tsohon Ɗan Tike, Kusiri
Zai yi fushi, bar shi, ni na yi wata guda ina jin haushin matata. Abin da za ka tsare shi ne Asabar da Lahadi daga azahar, lokacin da ake fara wasannin Ingila. Kada ya zauna ba aiki, kada ya je gidan kallo. Kuma kuɗin ciniki kada su kwana a hannunsa, ko na yadi ɗaya ne, ba don ɓarawo ba ne, don kada ka jarraba shi. In ya yarda, ka ba shi lambata ta hannun Shugaba, wani abin ba zai iya faɗa maka ba.

Mai Atamfa, Garwa
Zan tura wa Shugaba yanzu. Lahadi dama ina da kai kaya kasuwar Pitowa, da shi za mu tafi, sai bayan magariba mu dawo. Asabar ɗin ce ban san yadda zan yi da ita ba, gidan kallon yana jikin shagona.